Hutun Ƙirjin Riskuwa

Shekara talatin da huɗu Riskuwa ta yi tana bandar kifi a bayan gidansu a Argungu, kuma a tsawon shekarun nan babu mahaluƙin da ya taɓa ce mata ta huta. Mijinta Tamba ya kamo, ita ta gyara, ta jera a kan waya, ta hura ɗanyen itace ta tsuguna cikin hayaƙi har idanunta su kaɗa. Kifin ya tafi kasuwa, hayaƙin ya zauna mata a ƙirji. Da tari ya fara, aka ce sanyi ne. Da ta kai ba ta isa bakin rijiya sai ta tsaya sau biyu, aka ce girma ne. Sai ranar da aka tashe ta da hantsi ta kasa gane mijinta, sannan aka nemi mota zuwa Birnin Kebbi.

Likitar da ta duba ta yarinya ce, Salwa sunanta, ba ta wuce sa'ar autar Riskuwa ba. Bayan Riskuwa ta kwana tara a gadon asibiti, Salwa ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani.

"Inna, huhunki ya ci hayaƙi, wanga ba shi gyaruwa. Amma abin da yak kwantar da ke, naman da ka ja miki numhwashi ne yag gaji. Tsakanin haƙarƙari da ƙasan ƙirji akwai nama mai aiki ba dare ba rana. Naki ya yi aikin mutum ukku. In ya gaji, tsohuwar iska ba ta hita, ita ka sa ki ciwon kai da magagi. Injin ga shi za ya tura miki iska, naman ya samu ya huta."

Riskuwa ba ta riƙe rabin bayanin ba, amma ta riƙe maganar hutu. Har ta ji kunya, kamar an yi mata kyautar da ta fi ƙarfinta.

Injin ɗan ƙarami ne, da mesa da roba mai rufe hanci da baki. Aro aka ba ta, don guda huɗu ne kacal a sashen, masu jira kuwa sun fi haka. Aka ce ta riƙa sa shi aƙalla awa shida a kullum, ta dawo da shi bayan wata biyu a duba. Ɗansu da ke aiki a kudu ya aiko aka kafa sola da batir. Makon farko Riskuwa ta yi barcin da rabonta da irinsa tun tana budurwa. Ta tashi kanta wasai, ta ci tuwo da kanta, har ta yi wa maƙwabciya tsiya ta kan katanga.

To, Tamba ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Da mugu ne da an san ta inda za a ɓullo masa. Mutum ne da ya san abu ɗaya a duniya, ya kuma san shi da kyau. A zamaninsa babu mai nutso irinsa a gulbin nan. Ya shiga ruwa da homa, ragarsa ta kamun kifi, na kan gaɓa su gama hira su fara salati, sannan ya ɗago da giwan ruwa a hannu. 'Ya'yansa maza duk shi ya koya musu, ta hanyar danna kawunansu cikin ruwa yana ƙirge, yau goma, gobe sha biyu. A wurinsa numfashi horo yake so, ba lallashi ba.

Kwana goma ya yi yana kallon injin ta wutsiyar ido. Ran na sha ɗaya, bayan azahar, ya same ta kwance a rumfa da robar a fuska, ya durƙusa ya kwance maɗaurin a hankali.

"Riskuwa, abin ga kashe ki za ya yi. Ƙirji in ka saba mishi da ɗauki, rago shika zama. Randa batir yam mutu hwa? Tashi zaune."

"Malam, likita ta ce naman ya gaji."

"Yarinyar ga ta taɓa shiga ruwa? Ni na san numhwashi tun ba a haihi uwatta ba. Ja iska, ki riƙe. Ni ka ƙirga miki."

Ya ciro tasbaharsa. Ta ja abin da ta iya ja, ta riƙe. A ƙwaya ta huɗu tari ya sarƙe ta. Ya shafa mata baya, ya ba ta ruwa, ya ce madalla, gobe za ta kai biyar.

Haka aka ɗora. Da safe horo, da la'asar horo. Injin kuwa ya yanka masa awa ɗaya, wai kamar gishiri a miya. In ta kwanta barci da injin, sai ta farka ta tarar an cire an naɗe mesar tsaf an rataye a ƙusa. Sau biyu ta yi magana. Na farko ya yi dariya. Na biyu ya yi fushi ya ƙi cin abinci, ya ce shi da ke son ta tashi shi ne ya zama abokin gaba. Daga nan ta yi shiru, don mai ƙarancin numfashi ba ya cin gardama. Ta ji haushinsa, haushi mai tsanani, ta kuma ji tausayinsa, don tun da ƙarfinsa ya ƙare babu wanda ya sake neman saninsa sai ita da ba ta nema ba.

Ciwon kan safe ya dawo. Ƙafafu suka kumbura. Tana cikin magana sai gyangyaɗi ya ɗauke ta. Tamba ya ce alamar horo na kama jiki ke nan.

Ranar komawa asibiti ɗakin likita cike yake. Ga nas biyu, ga ɗalibai uku da littattafansu, ƙofa kuma a buɗe, a kan bencin waje har da mutanen unguwarsu da suka zo ganin wani likitan. Salwa ta kunna injin ta danna wani maɓalli. Ashe abin yana riƙe lissafin duk awar da ya yi aiki. Ta daɗe tana duban lambobin.

"Inna, awa guda a yini? Wani yinin ma babu." Ta dubi ƙafafun Riskuwa, ta sa mata abin awo a yatsa, ranta ya ɓaci. Sai ta juya ga ɗaliban ta sake bayanin da ta yi wata biyu da suka wuce, da Hausa, dalla-dalla: naman da ya gaji ba a ƙara masa kaya, riƙe numfashi ga mai irin wannan ciwo tara masa gurɓatacciyar iska ne a jini. Tamba na tsaye jikin bango yana ji.

"Ku gaya min gaskiya," in ji Salwa. "In wuta ce, ko robar ka ci miki huska, ko wani dalili na daban, mu gyara in bar miki shi. In kuwa ba ki so ne, akwai wani bawan Allah daga Zauro kwance sati ukku shina jiran inji. Baba, kai ka kwana da ita. Mi ya hwaru?"

Riskuwa ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Kalma biyu kawai ake nema daga gare shi. Ta ba shi lokaci, ta ja numfashi uku, kowanne da wahalarsa. Tamba ya dubi ɗaliban, ya dubi ƙofa, ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa.

"Ni ce, ɗiyata," in ji Riskuwa. "Ba ni son shi."

Salwa ta sake tambaya, ta sake samun amsar nan. Ta rubuta magunguna, ta ce in an samu wani injin za a neme su, amma ba ta san yaushe ba. Nas ta naɗe mesar ta fita da injin zuwa ɗakin maza.

Daga ƙofar sashen zuwa bakin titi sai da Riskuwa ta tsaya sau huɗu. A tsayuwa ta huɗu, gindin wata dalbejiya, Tamba ya riƙe mata gwiwar hannu, ya waiga ya tabbata babu mai ji.

"Na ji bayanin yarinyar ga," ya ce a hankali. "Ashe ba irin na nutso ba ne. Allah shi yi miki albarka da kinka ruhe min asiri gaban yara."

Ashe ya gane. Tun a cikin ɗakin ya gane, injin na kan tebur, tambaya na gabansa.

Riskuwa tana da amsa, doguwa, wadda ta cancance shi. Ta buɗe baki, ta auna iskar da ke ƙirjinta, ta dubi tazarar da ta rage zuwa motar Argungu. Ba za ta ishi duka biyun ba.

"Mu tahi," ta ce.