An Rufe Ɗakin Haihuwa

Shekara goma sha shida Sista ta yi tana aikin nas a ɗakin maza. Wata rana aka rasa hannu a ɗakin haihuwa, aka kira ta ta taimaka, ta tari jariri da tafukanta, da ɗuminsa da santsinsa. Tun daga ranar ta ƙudurta sai ta zama ungozoma, alhali tana da shekara arba'in da biyu.

Asibiti ya hana ta hutun karatu. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce mata, "Ki ajiye aikin kawai. Ido rufe ake neman ungozoma, kina gamawa za mu ɗauke ki." Maigidanta ya yi dariya ya ce, "To, na samu 'yar makaranta ta huɗu ke nan a gidan."

Shekara biyu ta yi a aji ɗaya da sa'annin 'yarta, suna kiranta Mama. Ta gama da sakamako mai kyau, ta nufi tsohon asibitinta da takardar shaida a jaka. Ta tarar an rufe ɗakin haihuwa, an jingine gadajen a baranda, an cika ɗakin da kwalayen magani. An ce haihuwa ta koma babban asibiti. Shugabar kuwa ta yi ritaya.

A babban asibiti, jami'in ɗaukar ma'aikata ya juya takardunta ya ce, "Shekara nawa kika yi kina karɓar haihuwa?"

"Na yi sha shida ina nas."

"Wannan daban ne, Mama. Kuma sababbi ba ma ɗaukar wadda ta haura talatin da biyar."

Wuri bakwai ta je, amsar ɗaya ce. Daga ƙarshe ta koma ɗakin maza, inda yarinyar da ta koya wa allura ta zama shugaba. Cikin jin nauyi yarinyar ta ce, "Anti, gurbin na wata shida ne kawai." Sista ta karɓa.

Wata safiya mota ta tsaya a bakin ƙofa da mace tana naƙuda, maigadi yana nuna musu hanyar babban asibiti. Daga jin nishin matar Sista ta san kan ɗa ya sauko. Ta ajiye tiren magani ta nufi waje, sai sabuwar shugabar ta riƙe mata hannu.

"Anti, don Allah. Ba mu da izini. In wani abu ya faru, ni da ke za a kora."

Ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwana. Ba ta taɓa jin yadda matar ta ƙare ba.

Da ta koma gida maigidanta ya tambaye ta me ya hana ta cin abinci. Ta ce ciwon kai ne, ta shige ɗaki ko takalmin aiki ba ta cire ba.