Walt Ya Je Nuna Fuska

Tun ranar da aka yi wa Walt Dombrowski intabiyun neman aiki ta kwamfuta hankalinsa bai kwanta ba. Ya kusa shekara sittin, masana'antar da ya tsufa a cikinta a garin Toledo na Amurka ta rufe. In bai samu aikin gyaran injinan nan kafin sanyi ba, sai dai ya sayar da gidansa ya tare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan 'yarsa Renee. Abin da yake tsoro ke nan.

"Baba, saƙon godiya kawai za ka tura musu, sai ka jira," in ji Renee a waya.

"Saƙo? Ke yarinya ce. Kakanki tsayuwa ya dinga yi a ƙofar kamfani har suka gaji suka ɗauke shi. Fuska ake nunawa."

"Wancan zamanin ke nan, tsoho."

Walt kuwa in ya kafe, ya kafe. Ranar Litinin ya goge rigarsa, ya sayi kwalin donat, irin fanken Turawa, na tsaraba, ya tuƙa zuwa kamfanin. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da kati, don haka ya ƙwanƙwasa har mai gadi ya leƙo.

"Misis Abernathy nake nema. Ita ta yi mini intabiyu."

Mai gadin ya yi dariya, amma ba ta mugunta ba. "Yallaɓai, matar nan can nesa a jihar Arizona take, daga gida take aiki. Ni kaina ban taɓa ganin ƙeyarta ba."

"To manaja fa? Hannu kawai zan ba shi."

"Ba ya ganin mai neman aiki. An ma ce in kai rahoton duk wanda ya zo ba a kira shi ba, kuma abin ba ya yi musu daɗi." Ya dubi rigar da ta sha guga. "Ni dai ban gan ka ba."

Kunya ta rufe Walt. Duk rayuwarsa da fuskar nan ya ci abinci, yau kuma gatan da za a yi masa shi ne a ce ba a gan ta ba.

Ya daɗe zaune a mota kafin ya kira Renee.

"Anjima ki koya mini saƙon nan." Ya tayar da mota. "Wai ɗakin naki, yana da taga kuwa?"