Yatsun Luvsan

…sau bakwai ke nan, kuma har yanzu Jambal ne ke ɗaga kwanon. Luvsan yana kallon maƙogwaron abokin nasa yana hawa da sauka, nonon goɗiya mai bugarwa na tsiyaya a gemu, daɗi na ratsa shi har ƙashi. Wasan jefa yatsu ne: babban yatsa ya ci manuni, manuni ya ci na tsakiya, a haka har ƙarami ya zagayo ya ci babba. Wanda aka ci ya shanye. Shekarar Luvsan saba'in da uku, amma duk kwarin nan wa ya isa?

"Sha, ɗan tsoho. Yau sai an kwashe ka a amalanke."

"Kai dai maye ne, Luvsan."

Tanti ya cika maƙil, bikin askin farko na jikarsa, ƙamshin naman rago… Dulma ce kaɗai ta taɓa kayar da shi, ranar aurensu, kwano uku da ɗan ƙaramin yatsanta, tana dariya a bayan mayafi. Shekara shida da binne ta — to ina ma ta ga yau.

Ƙishi fa. Tun safe ko kurɓi bai yi ba. Likitan birni ya ce hantarsa ta gaji, kwano ɗaya ma ganganci ne, 'yarsa Ariuna na gefe tana share ido. Ai ya gaya mata, wasa da dokarsa, in an ci shi sai ya sha. To ba a ci shi ba! Surukinsa ya faɗi, malamin makaranta ya faɗi, Jambal sau bakwai…

Hannun nan. Tun hunturun da ya kashe rabin garke, yatsu uku ba sa miƙewa. Babba da manuni, shi ke nan. Wa bai sani ba? Mai son cin sa ai ƙarami kawai zai riƙa jefawa — yau kuwa ko mutum ɗaya bai…

Ariuna tana bakin ƙofa tana burga nono a salka. Jambal ya saci kallon ta, ta ɗan gyaɗa kai.

Au. Ashe da gangan suke faɗuwa, don kada ya sha. Jambal, mai ciwon ciki tun bara. Kwano bakwai.

Ga shi yana goge gemu, yana sake miƙo dunƙulen hannu, idanu jajir.

"Mu ƙara?"

In ya ƙi, ya tona su. In ya yarda, Jambal ya sha kwano na takwas… Hannun Luvsan na kan gwiwa, ya yi nauyi, ya ƙi tashi.