Garin da Aka Hana Aljihu

Shekara arba'in ina kan keken ɗinki, ban taɓa zaton aljihu ya isa a yi littafi a kansa ba, sai da autata ta yi. A littafin nata akwai wani gari na nan gaba, inda hukuma ta hana aljihu a jikin kowace riga, don kada kowa ya mallaki abin da ba a gani. Wata tsohuwar tela ce ke yi wa mutane aljihun ɓoye a cikin kalmasar riga, har ranar da aka kama ta. Sau uku na sa aka karanta mini, kuma duk wanda ya kawo ɗinki shagona sai ya sha labari, ko da sauri yake.

Da masu fim suka ɗauki littafin, murnata ta fi tata. Ita kam tun da ta ji ana sauye-sauye ta ɗaure fuska.

"Baba, in suka ɓata shi, cire sunana zan yi."

Ranar da darakta ya kira ta ta ga abin da aka haɗa, na bi ta. Aka kai mu wani ɗan ɗakin kallo mai kujera shida. Sun yanke babi biyu, sun mai da maƙwabcin tsohuwar wani kyakkyawan saurayi. Auta sai tsaki take ja ƙasa-ƙasa. Ni dai garin ya yi mini yadda na ji shi: mutane na tafiya hannu a sake, sun rasa inda za su sa shi.

Sai aka nuno hannun tsohuwar tana ɗinki. A nan raina ya ɓaci.

"Dakata, ɗana," na ce wa darakta. "Wannan aljihun daga tsallaken titi za a hango shi."

"Kamar yaya, Baba?"

"Allura ta huda yadin gaba ɗaya. Matar da ta shekara ashirin ba a gano ta ba, zare ɗaya tak take ɗauka daga bayan yadi. Da irin wannan ɗinkin naku take yi, da tun ranar farko an tafi da ita."

"Ai 'yan kallo ba za su lura ba."

"Teloli ma suna kallon fim."

Auta ta gyara zama. "Na yafe babi biyun. Saurayin ma na yafe. Wannan kam ban yafe ba, don a kansa labarin ya tsaya. In ba a gyara ba, a cire sunana."

Kwana biyu ina koya wa jarumar da ta fito a matsayin tsohuwar, ta soke yatsa ya fi sau goma, abin bai shiga ba. Ƙarshe suka zura mini hannun rigar tsohuwar, suka kafa kyamara a kan yatsuna. Wai in rage sauri, na'urarsu ba ta iya bi na.

Bayan mako guda muka koma ɗakin. Ga hannuna ya cika bango, da kantarsa da komai, allura na shiga tana fita, fuskar yadi ko alama babu. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma.

Aka kunna fitila. Darakta ya dubi Auta.

"Sunan fa?"

"A bar shi."

Sai da muka fito bakin titi ta yi mini magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Tun ina 'yar shekara shida nake zama a gindin teburinka ina kallon hannun nan, Baba. Shi na rubuta."

Na tsaya gyara igiyar takalmi, na daɗe ban ɗago ba.