Turkuɗin Fadimata

Adawiyya na zuba kunu a kwano sa'ad da ta ji rurin manyan motoci a bakin unguwa. Ta san rurin. Jandarmomi ne, kuma a irin wannan rana ba a cika tambayar takarda ba, fata ake dubawa. Wanda ya cika baƙi a jefa shi mota, sai iyakar Asamaka.

Kunun na mijinta Maman ne, wanda ya faɗo daga gini yake kwance a asibiti da karaya. Ba shi da mai kai masa abinci sai ita.

Maƙwabciyarta Fadimata, Buzuwa haifaffiyar nan Tamanrasset, ta leƙo ta ƙofar baya.

"Ke Bahaushiya, bar kunun nan ki shigo!"

"Zai huce."

"Ke ma za ki huce a Asamaka. Taho!"

Tun Adawiyya na amarya daga Damagaram suke katanga ɗaya. Lokacin unguwar yashi ce da awaki, kuma baƙo ruwa ake fara ba shi kafin a tambayi garinsu.

Fadimata ta buɗe akwati ta fito da turkuɗin aurenta, baƙin zane mai ƙyallin shuni. Adawiyya ta yafa shi kamar gyale.

"Haka za ki fito? Ai ko makaho ya san ke ce." Fadimata ta warware, ta naɗe ta irin na matan Buzaye, ta jefa bakin zanen ta kafaɗa. "Zauna ki riƙe butar shayi. Kada ki buɗe baki."

Adawiyya ta zauna. Sai warin shunin ya taso mata. Mahaifinta marini ne. Tana ƙarama takan kai masa fura marina, ta tarar da hannayensa baƙi har gwiwa, masu bugu na dukan zane a kan gungume suna zolayar juna. Ta murza bakin turkuɗin da yatsa, ta kai hanci.

"Wannan bugun garin Kura ne," ta ce. "Baba yakan ce ba su da na biyu."

Fadimata ta mintsine ta. An riga an turo ƙofa.

Jandarman saurayi ne, ɗan arewacin ƙasar, fuskarsa ta yi ja da rana. Ya dube su, ya yi tambaya da Larabci: duk 'yan gida ne?

"Yayata ce daga Abalessa," in ji Fadimata. "Ba ta magana da baƙin maza."

Ya daɗe yana duban Adawiyya. Ita kuwa ta ɗaga buta tana tsiyaya shayi daga sama, yadda ta ga ana yi shekara da shekaru.

"Zanen nan yana da kyau," in ji jandarman. "Kayan gargajiyar ƙasarmu sun fara ɓacewa. Ku riƙe su, Hajiya."

Ya fita.

Da la'asar motocin suka tafi. Adawiyya ta ɗumama kunun ta kama hanyar asibiti, turkuɗin na jikinta, don Fadimata ta ce kada ta cire. A kwanar titi teburin Tijani mai shayi na nan, tukunyarsa ta ƙone a kan garwashi. Shi ba ya nan.

Maman ya ɗago da ƙyar.

"Wace Buzuwa ce wannan? Ina matata?"

"Sha kununka, tsoho."

Da ta miƙa masa kwanon ya ga yatsunta sun rine. Ya kama hannun ya kai hancinsa.

"Ranar da na je gaida mahaifinki," ya ce, "kwana uku shunin hannunsa bai fita daga tafina ba."

Wata ma'aikaciya ta miƙo mata ruwa da sabulu. Adawiyya ta yi godiya, ta tura su ƙarƙashin gado.