Katin Inna Dije

"Katin wa ka kawo min?" Malam Shamsuddeen, nas ɗin ɗakin mata, ya sake tambayata.

"Na gidanmu ne."

"Sagiru, gida ba ya kwanciya a gado. Sunan wa ke jiki?"

Ummata na kwance, leɓenta ya bushe, kwana biyu tana amai da gudawa. Da za mu taso daga Fammar zuwa Rano, katin da na tarar a akwatinta na ɗauko. A wajenmu kati ɗaya kowa ke zuwa asibiti da shi. Wannan na yayarta ne, Inna Dije, wadda ta rasu a wannan ɗakin wata huɗu da suka wuce.

Yanzu na'ura ce ke ƙarin ruwa, kuma ba ta sakin ɗigo sai ta tambayi kwamfutar asibiti. Malam Shamsuddeen ya haska mata lambar katin sau uku, tana ƙi.

"Cewa take mai katin nan tana kan ruwa a gado na shida."

Na waiwaya ga gadon da Inna Dije ta cika a kai. Katifa ce kawai, ko zani babu. An tura na'urar gadon jikin bango, wayarta a naɗe.

"Kun ɗauke gawa kafin Azahar, ba wanda ya rufe fayil ɗinta," in ji shi.

"To a buɗe wa Umma sabo."

"Ofishin kati ba sabis tun safe. Kayan ƙarin ruwa na hannu kuma an kwashe mana."

Ya jawo kwamfutar, yana gunaguni. Sai ya daina. Na leƙa. Layuka ne jere, ledar ruwa bayan ledar ruwa, kowace da ranarta. Ta ƙarshe yau ce, tara da minti goma.

"Kuskure ne," ya ce, bai dube ni ba. "In na tsayar da nata, na Ummarka zai fara tafiya."

Umma, wadda tun da muka wuce Kibiya a hanya ba ta yi magana ba, ta buɗe ido. Ba mu take kallo ba.

"Ku bar wa Yaya ruwanta. Ba ta gama ba."

Ta mayar da ido ta rufe. Numfashinta ya koma sama-sama.

Malam Shamsuddeen ya ɗora yatsa a kan madannin. Ya dubi gado na shida, ya dube ni.

"In tsayar?"