Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta

Zangon karatu ɗaya kacal na yi a jami'a, amma a gidanmu har an naɗa ni Farfesa. Ni na jawo wa kaina. Tun da muka fara darasin tattalin arzikin duniya da kasuwancin ƙasa da ƙasa, ba a isa a sayi sabulu ba sai na yi bayanin jirgin ruwan da ya kawo shi da harajin da aka biya a tasha. Ranar da Mama ta yi ƙorafin tsadar man girki, na gyara zama na fara yi mata lacca kan faɗuwar darajar kuɗi. Ta ce, "To Farfesa, in darajar ta gama faɗuwa ga kwanuka can suna jiranki."

Baba yana sayar da injinan ban-ruwa a wani shago mai ƙofar ƙarfe, inda warin baƙin mai ya kama har labule. Shekara da shekaru burinsa ɗaya ne: kamfanin ƙasar waje da ke ƙera injinan ya ba shi wakilci, ya huta da sayen kaya a hannun dillalai. Sai ga saƙo cewa kamfanin ya turo ma'aikacinsa ya zagaya shaguna, ya zaɓi guda ɗaya. Baba ba ya jin Turanci. Ya dube ni ya ce, "Ke za ki yi mini tafinta."

Kaina ya kumbura. A makon ne malaminmu, wanda muke kira Malam Taswira saboda ba ya shiga aji sai da taswirar duniya a hammata, ya raba mana mutanen duniya gida biyu a kan allo. Akwai masu doguwar gaisuwa kafin ciniki, akwai waɗanda ba sa son a ɓata musu lokaci ko kaɗan. Ƙasar baƙonmu tana gida na biyu. Ya ce in ka tsaya tambayar irin waɗannan lafiyar iyali, za su ɗauke ka marar tsari. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da safiyar ranar na riga kowa zuwa shago. Na ɗauki fulas ɗin shayin Baba na ɓoye bayan kwalaye, na fitar da kujerar nan mai laushi da ke sa mutum ya manta da tashi, na jera kujerun roba. Baba ya shigo yana neman fulas.

"Baba, ka bar mini komai," na ce. "Mutanen nan ba sa shan shayi a wurin ciniki. Mun karanta."

Ya ce, "To, ke kika yi karatu."

Baƙon ya iso yana gumi cikin kwat. Dogon saurayi ne, da kyar in ya girme ni sosai. Ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ƙi saki, ya tambayi lafiyarsa da ta iyali da ta jikoki in akwai. Na ce a raina ladabin dole yake yi, bawan Allah. Na fassara wa Baba, fuskar Baba ta washe.

"Ce masa sannu da hanya," in ji Baba. "Ya ya baro mutanen gida? Iyayensa suna raye? Ce masa nan gidansa ne."

Na juya ga baƙon na ce da Turanci, "Mahaifina ya ce mu tafi kai tsaye ga sharuɗɗa. Inji nawa za ku iya turowa a wata?"

Murmushinsa ya ɗan dusashe. Ya yaba shagon, ya tambayi yadda Baba ya fara sana'ar. Baba kuwa abin nema ya samu. Ya ba da labarin injinsa na farko da ya gyara a tsakar gida har Mama ta yi fushi, ya nuna tabon da ke yatsansa, ya nuna ni ya faɗi wata magana mai tsawo da ta sa na sunkuyar da kai. Duk na dunƙule su na ce, "Ya ce ya daɗe a harkar. Yaya batun kayan gyara?"

Haka muka yi ta yi. Baba yana zuba zumunci, ni ina tacewa ina miƙa wa baƙo ƙashi. Ina jin daɗin kaina ƙwarai, har ina tunanin yadda zan ba da labarin a aji. Baƙon ya riƙa waige-waige kamar mai neman wani abu a kan tebur, daga baya ya daina tambaya. Can ya rufe jakarsa ya miƙe, ya yi godiya, bai ko ambaci wakilci ba.

Baba ya dube ni. "Lafiya? Ko na faɗi abin da bai dace ba?"

Na bi baƙon bakin ƙofa na tambaye shi me ya faru. Ya ce ba komai, ya fahimci saƙon. Wane saƙo? Ya ce shi ma bai daɗe da gama jami'a ba, kuma a darasin kasuwancin ƙasa da ƙasa malaminsu ya koya musu cewa a ƙasashe irin tamu ba a cewa a'a kai tsaye. In mai gida bai tambayi iyalinka ba, bai ba ka ko shayi ba, to korar ka yake yi cikin ladabi. Ya ce kwana ya yi yana haddace gaisuwa a jirgi, kuma wannan ce tafiyarsa ta farko, ga shi ya ɓata ta.

Ashe shi ma yana da nasa Malam Taswirar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mu biyu muka sa shi a wuya, Baba ne zai biya.

Ina iya barinsa ya tafi, in ce wa Baba mutanen nan haka suke. Da Baba ya yarda, don ni na yi karatu. Wannan yardar ce ta fi ƙona mini rai. Na roƙi baƙon ya dawo, na je bayan kwalaye na ciro fulas na ajiye a kan tebur.

"Baba, ban faɗa masa gaisuwarka ba. Ko ɗaya. Ni na yanke su."

Baba ya dubi fulas, ya dube ni. Na so ya yi faɗa, da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Shigo da kujerar nan mai laushi. Zuba masa shayi. Za mu faro daga farko, kuma wannan karon duk abin da ya fito daga bakina ki kai masa shi da nauyinsa."

Muka faro daga sannu da hanya. Baƙon ya ce mahaifiyarsa tana raye, tana kiwon kaji, Baba ya yi ta dariya har da tafa hannu. Aka zo kan injin tsakar gida, aka zo kan tabon yatsa. Kafin shayi ya huce baƙon ya buɗe jakarsa ya fito da takardun wakilci ya ajiye kusa da kofinsa.

Baba bai ko kalle su ba. Ya sake nuna ni, ya maimaita maganar nan da na haɗiye ɗazu, kalma bayan kalma, yana jira.

"Faɗa masa mana, Farfesa."

Na juya ga baƙon. Da kyar na ce da Turanci, "Ya ce wannan 'yata ce, ita ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a. Ya ce ita ce bakinsa kuma ita ce kunnensa, duk abin da ta faɗa maka ka ɗauka shi ya faɗa."